Tambayi Likita: Wai Za A Tsinko Naman Zuciyar Yayana

TAMBAYA: Salam likita. Yayana ne aka kai Indiya saboda zuciyarsa ta kumbura, to sun ce za su ɗebo ɗan naman zuciyar suna kallo ta na'ura, sannan suka ba shi wata takarda daban wai ya sa hannu su yi bincike da naman. Dan Allah tsaga ƙirji za a yi? Kuma dole ne ya sa hannun? Hajiyarmu ko barci ba ta yi. Daga wata 'yar uwa a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ki fara gaya wa Hajiya ba tsaga ƙirji ba ne sam. Bayofsin zuciya ake ce masa, allurar kashe zafi za a yi masa a gefen wuya ko a matsematsi, a zura siririn bututu ta jijiyar jini har cikin zuciya, a cikin bututun kuma a tura wata waya mai ɗan awartaki a baki, shi ne zai tsinko naman, kowane tsinki milimita 1 zuwa 2, yawanci guda 3 zuwa 5. Idonsa biyu ake yi, sai dai ya ji zuciyar ta yi ɗan tsalle in wayar ta taɓa ta, kuma da wuya aikin ya wuce awa ɗaya.

Abin ya daɗe. Likitoci biyu a Japan, Sakakibara da Konno, su suka fito da awartakin a 1962, daga baya Philip Caves ya gyara shi a jami'ar Stanford ta Amurka a farkon shekarun 1970 don duba waɗanda aka yi wa dashen zuciya ko jikinsu ya fara ƙin sabuwar. Har yau masu dashe su aka fi yi wa, wasu sau da yawa a shekarar farko.

To batun na'urar nan shi ne inda aikin yake. Kin ga mai sayen wake da ke soka ƙarfe a buhu ya ɗebo, in bai dace da inda ƙwari suke ba sai ya ce buhu lafiya lau. Wasu cututtukan zuciya haka suke, dabbare-dabbare suke kamawa, misali sakoidosis, wata cuta mai sa ƙananan ƙulle-ƙullen kumburi a sassan jiki, in aka tsinka ba tare da an san wurin ba ko rabin masu ita ba a kamawa. Hoton eksire mai motsi da aka saba amfani da shi yana nuna wayar tsaf amma naman zuciyar kamar inuwa kawai, shi ya sa ake haɗawa da sikanin eko da ke nuna bango da ƙofofin zuciya, wasu asibitocin kuma su fara yin hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, su gane inda tabo yake, ko su auna lantarkin zuciyar daga ciki su nufi wurin da ya yi rauni. A cibiyar binciken lafiya ta NIH da ke Amurka an gwada tsinkowa a cikin na'urar MRI kanta a jikin aladu, matsalar dai ƙarfe yana ɗaukar zafi a cikin MRI sai an ƙera kayan aiki na musamman.

Haɗari akwai, ba zan ɓoye miki ba. Mafi muni awartakin ya huda bangon zuciya jini ya taru a jakar da ta lulluɓe zuciya, a hannun ƙwararru bai kai mutum 1 cikin 100 ba, kuma dalilin da ya sa ake tsinka a bangon tsakiya ke nan da ya fi kauri. In yana shan maganin tsinka jini lallai ya faɗa musu.

Takardar kuma fa, nan nake so ki buɗe kunne. Gwajin da za a gano cutarsa daban, binciken daban. Binciken ganin dama ne, in ya ce a'a ba wanda ya isa ya rage masa magani, kuma ko ya sa hannu yana iya janyewa. Ni dai da ni ne sai na tambaye su, ragowar naman da aka riga aka ɗebo za ku yi aiki da shi ko ƙarin tsinki za ku yi saboda binciken? Don kowane ƙarin tsinki ƙarin haɗari ne komai ƙanƙantarsa. Ya kuma tambaya ko za a cire sunansa, ko za a duba ƙwayoyin gado, wane kwamitin ɗa'a ya amince, kuma in wani abu ya faru wa zai biya kuɗin jinya. In Turancin takardar ya yi masa nauyi ya nemi tafinta, kar kunya ta sa ya sa hannu a abin da bai gane ba, kuma ya karɓi kwafin takardar ɗaya ya riƙe.