Duwatsun Wuya na Yumɓun Roba: Me Ya Sa Suke Karyewa?

Tambaya: Ina kwaikwayon murjani da yumɓun roba ina yin sarƙa da 'yan kunne, amma duwatsun suna karyewa bayan na gasa su, kuma ba sa sheƙi. Ina kuskurena yake? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, yawancin karyewar nan daga ƙarancin gashi take zuwa. Wannan yumɓu robar PVC ce da aka cakuɗa da man da ke tausasa ta, saboda haka ba ya bushewa a iska, sai zafi ya ratsa shi har ciki kafin ya yi ƙarfi. Fimo da Premo sunayen samfuran wannan yumɓu ne: Fimo yana buƙatar digiri 110 na ma'aunin Salsiyas na minti 30, Premo kuwa digiri 130, kuma dutse mai kauri yana son ƙarin lokaci. Ki sayi ma'aunin zafi ki sa a cikin tanda, domin lambar da ke jikinta ba kullum take faɗin gaskiya ba, kuma ki rufe duwatsun da takardar aluminiyam don kada su ƙone.

Game da kamannin murjani, ki haɗa jan yumɓu da ɗan mai launin ruwan lemo da yumɓu mai ratsa haske, kada ki murza su har su zama launi ɗaya, domin 'yan jijiyoyin da suka rage su ne ke sa ido ya yarda.

Sheƙi kuwa aikin hannu ne: ki goge dutsen cikin ruwa da sanfefa mai lamba 400, ki hau zuwa 1000, sannan ki murje shi da tsumman auduga. Ina roƙonki ki guji man farce, domin yakan sa robar ta yi danƙo daga baya.