Baba ya koma rikicewa bayan dashen hanta, tsohon ciwon ne ya dawo?

Tambaya:

Assalamu alaikum likita, ina gaisuwa, daga Tahoua nike rubutowa. Babanmu ne aka yi ma dashen hanta a Indiya wata takwas ke nan, ciwon hanta nau'in B ne ya cinye tashi, yayanmu ya ba shi ɓangare. Kamin aikin ya sha rikicewa, bayan aikin ya warware sarai har ya koma zaman shago. To kwana huɗu ke nan abin ya dawo, barci da rana, dare ido biyu, hannu na rawa, jiya a sallar magariba sai da aka tuna mishi raka'a nawa ya yi. Muna da sauran Duphalac na da, maganin nan mai sa bahaya da yake sha lokacin rikicewar farko, mu ba shi? Wasu dangi na cewa iska ce, wasu na cewa magungunan ne sun mishi yawa a dakatar.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƴar uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka ma yayanku da alheri. Bari in fara da abin da ba ya jira: yau ɗin nan ku kai shi asibiti, kar a ce sai gobe, kuma kar wanda ya dakatar da ko ƙwaya ɗaya cikin magungunan dashen nan in ba likita ya ce ba. Sauran bayanin ki karanta ko kuna kan hanya.

Abin da ya yi kafin aikin sananne ne wajen masu ƙandararriyar hanta. In mutum ya ci abinci, ƙwayoyin da ke zaune cikin hanji suna fitar da wata guba da muke kira amoniya, jini ya kwaso ta ya kai hanta, hanta ta sarrafa ta, ƙoda ta zubar ta fitsari. To in hanta ta ƙandare jini ba ya iya ratsa ta yadda ya kamata, sai ya buɗe ma kansa ɓarauniyar hanya ta wasu jijiyoyi, kamar ƴan fasa-ƙwauri da ke bin daji don su kauce ma duwan, gubar ta wuce ba wanda ya tare ta har ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin can su sha ruwa su kumbura. Mataki 4 muke kasa shi. Na 1 barci ne ke juyewa da ƴar mantuwa da saurin fushi, na 2 kasala da rashin sanin yau wace rana ce da yin abin da ba halinsa ba, na 3 barci mai nauyi ana tashe shi yana komawa, magana ba kai ba gindi, na 4 dogon suma. Yadda kika kwatanta, Baba yana tsakanin na 1 da na 2, in har wannan ciwon ne.

Na ce in har, don sabuwar hanta mai aiki tana share wannan matsalar ne, kuma ku shaida ne, ya warware har ya koma shago. Don haka in rikicewa ta dawo bayan wata takwas ba ma cewa ai tsohon abin ne mu ɗauko tsohon magani, wani sabon abu ne ya taso sai an nemo shi.

Ta ɓangaren hantar kanta, abu na farko da nake tunani shi ne jiki ya fara ƙin ta, wanda yawanci yake biyo bayan tsallake magani ko ƙarewarsa, kuma mun san yadda maganin nan yake wuyar samu da tsada a nan, mutum ya ga kwali ya kusa ƙarewa sai ya koma shan sau ɗaya a rana don ya ja lokaci bai faɗa ma kowa ba. Ki ƙirga ƙwayoyin da suka rage ki gwada da ranar da aka sayo. Na biyu, ciwon B ɗin yana iya kama sabuwar hantar in aka bar shan maganinsa, entecavir ko tenofovir, wannan har ƙarshen rai ake sha. Na uku jijiyar jinin da aka ɗinke ko bututun matsarmama ya toshe. Ki duba farin idonsa a hasken rana ko ya yi rawaya, fitsari ko ya yi duhu, ko yana yawan susa, ko ciki ya fara tara ruwa.

Akwai kuma wanda mutane ba su cika sani ba: hantar lafiya lau, analiz ɗinta, wato gwaje-gwajen jini, duka masu kyau, amma waccan ɓarauniyar hanyar ba ta rufe ba. Ƙananan sukan bushe da kansu bayan dashe, manyan kuwa, musamman wadda ke tashi daga jijiyar saifa ta zuba a ta ƙodar hagu, suna iya zama a buɗe su ci gaba da sace jinin. Sikane, wato hoton cikin jiki, mai allurar ruwa ke nuna ta, kuma ana iya toshe ta ta cikin jijiya ba sai an sake yanka ciki ba.

Amma gaskiya a wanda aka yi ma dashe, sau da yawa ba hantar ba ce ma. Danginku masu cewa magani ya yi yawa suna iya yin daidai a rabi, sun kuskure a rabi. Tacrolimus, maganin hana jiki ƙin sabuwar hanta, wanda kusan duk mai dashe ke sha kowane awa 12, in ya taru a jini yana kawo rawar hannu da ciwon kai da rashin barci da ruɗewa, har jijjiga irin ta farfaɗiya. Maganin wannan shi ne a auna shi a jini likita ya gyara adadin, in kuka dakatar da kanku hantar da yayanku ya ba shi ce za ta lalace. Abubuwan da ke sa ya hau: gudawa, fluconazole, clarithromycin ko erythromycin, da lemon nan babba mai ɗaci da ake kira pampalamus. Rifampicin na tarin fuka shi kuma saukar da shi yake ƙasa warwas. Ki tuna ko cikin sati biyun nan wani ya rubuta masa sabon ordonas ko an sayo masa wani abu a farmasi ko wajen masu tallar magani.

Ga gwajin da za ki iya yi kafin ku fita. Ya miƙa hannayensa gaba, ya lanƙwasa tafukan sama, yatsu a ware, ya riƙe kamar daƙiƙa 30. In ƴar karkarwa ce ƙanana ba tsayawa ta fi kama da ta tacrolimus. In kuwa tafin na faɗuwa farat ɗaya ya sake tashi, ya faɗi ya tashi, wannan ta gubar hanta ce, ko da yake ciwon ƙoda ma na kawo ta. Ki ɗauka a bidiyo a nuna ma likita.

Sai ƙwayoyin cuta. An danne garkuwar jikinsa da gangan, don haka masassarar cizon sabro ko sanƙarau ko tarin fuka ko ciwon fitsari na iya zuwa masa jiki ba zafi ko kaɗan, rikicewar ce kawai alama. Kar rashin zazzaɓi ya kwantar muku da hankali. Suga ya hau ko ya faɗi, gishirin jini ya yi ƙasa, ƙoda ta gaji, ruwan jiki ya ƙare da zafin Tahoua, ko shanyewar jiki, duk suna cikin lissafi.

Maganar Duphalac. In yana farke sarai, yana haɗiya lafiya, kuma ya kwana biyu bai yi bahaya ba, ba laifi ya sha sau ɗaya, amma kar ya zama dalilin zama gida. Ma'auninsa bahaya mai laushi sau 2 zuwa 3 a rana, in ya zarce ya koma gudawa to kun ƙarar masa da ruwa kun kuma ɗaga tacrolimus ɗin. In barci ya yi masa nauyi kar a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a tafi. Ba maganin barci, ba diazepam, ba tramol. Addu'a da tofi a yi ta yi, amma jiƙe-jiƙe da sassaƙe a'a, ba mu san abin da za su yi ma sabuwar hanta ba. Ya bar tuƙin moto, ya ajiye azumin nafila, kuma kar ku hana shi nama da ƙwai da nono kamar yadda ake cewa a da, naman jiki ma yana taimakawa wajen kwashe amoniya, in ya rame abin ƙaruwa yake. Ku ba shi ɗan abu ya ci kafin ya kwanta.

A asibiti ku faɗa tun daga ƙofa cewa mai dashen hanta ne. A auna suga nan take, a yi gwajin palu, wato masassarar cizon sabro, analiz na hanta da na ƙoda da gishirin jini da daskarewar jini, da eko mai duba gudun jini a jijiyoyin hanta, in akwai ciwon kai mai tsanani ko jijjiga ko wani gefe ya saki a yi sikane na kai. Gwajin amoniya yana da rigima, sai an sa jinin a ƙanƙara an kai labo da sauri, in ya jima a zafi zai nuna ya hau ko bai hau ba, don haka ba ma yanke hukunci da shi kaɗai. Na tacrolimus ba kowane labo ke yi ba, kuma da safe ake ɗibar jinin kafin ya sha na safen, awa 12 bayan na dare. In likitocin Tahoua suka ga sai an turo shi Yamai, tafiya ce ta fiye da kilomita 500, ku nemi ambilans da ma'aikacin jinya kar ku sa shi a bas. Ku taho da kwalayen magungunan duka har na B ɗin, da takardar sallamar da aka ba ku a Indiya, kuma duk sakamakon da ya fito ki ɗauki hotonsa ki tura ma likitocin da suka yi aikin ta WhatsApp tun yau, ki rubuta musu ƙarfe nawa ya sha tacrolimus na ƙarshe.