Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba

Tambaya: Malam, ina da Corolla 'yar Kwatano. Birkin gaba ya fara ƙara, ina so in canza fad ɗin, wato abin da ke matse faifan birki ya tsayar da taya, da kaina a gida. Jak ɗin da ya zo da motar ya isa, ko in ƙara da bulo? Tsakar gidana ƙasa ce, ba siminti.

Amsa: Ɗan'uwa, jak ɗin bai isa ba, bulon kuma ya fi shi haɗari.

Jak ɗin da ke cikin but an yi shi ne don canjin taya a bakin hanya, aikin minti goma da ba ka cusa jikinka ko'ina. Aikin birki daban ne: kanka da hannuwanka suna cikin ramin taya, kana ja da sifana da ƙarfin tsiya don kwance notin da ya yi tsatsa. Kowane ja yana girgiza motar, jak ɗin kuwa gindinsa bai fi tafin hannu ba. Jak ɗin da ke aiki da mai, shi ma ba abin dogaro ba ne, domin 'yar robar ciki ce ke riƙe man. In ta gaji sai ya sauka, ba sallama.

Bulo kuwa, na sha ganinsa a gareji, amma ganin ana yi bai sa ya zama daidai ba. Cikinsa rami ne, kuma in ƙarfe ya danne shi a wuri ɗaya ba ya lanƙwasa ya gargaɗe ka, fashewa yake yi nan take. Corolla ta haura kilo 1,000.

Abin da kake bukata shi ne matokarin ƙarfe, wanda makanikai ke kira jak-stan, guda biyu. Duba nauyin da aka rubuta a jiki. Sau da yawa nauyin da su biyun za su ɗauka ne a haɗe, ba na ɗaya ba. In babu, nemi guntayen katako masu kauri da faɗi, marasa tsaga, ka jera su a kwance.

Ƙasar gidanka ita ta fi damuna. Ƙafar matokari tana nutsewa a hankali, musamman da damina, sai ka ga mota ta karkace. Ka nemi wurin da aka yi wa siminti, mai daidaito, ko na maƙwabci ne. In ba hali, shimfiɗa faffaɗan katako mai kauri ƙarƙashin jak da kowane matokari.

Kafin ka ɗaga, ja birkin hannu, ka sa giya, ko P in otomatik ce, ka sa wa tayoyin baya waigi gaba da baya. Sassauta notocin taya tun tana ƙasa. Ran da za ka yi birkin baya, dole ka saki birkin hannu tunda a tayoyin baya yake kamawa, don haka waigin ya koma gaba.

Leƙa ƙarƙashin ƙofa, bayan tayar gaba, za ka ga bakin ƙarfe mai 'yan tsagu biyu. Nan aka ƙarfafa don ɗaukar nauyi. Ka ƙwanƙwasa shi tukuna, don motocin da suka sha gishirin titin Turai sukan ci tsatsa daidai nan. Kada ka tokare tukunyar man inji ko salansa.

Da ka sauke motar kan matokaran, kama ta ka jijjiga sosai tun tayoyin na jiki. In ta motsa, sake. Tayar da ka cire, tura ta kwance ƙarƙashin gefen motar. Yara su yi nesa, kada kowa ya shiga ciki, kuma a samu wani babba a kusa.

In ka gama ka sauke, kada ka tayar ka ja. Taka birki sau da yawa har ka ji ya yi tauri, domin takun farko bayan canza fad yakan tafi har ƙasa ba tare da ya kama komai ba.