Tukuicin ma'aikatan jirgin ruwan shaƙatawa: mu sa a cire, mu bayar da hannunmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni da maigidana da yaranmu biyu, mai shekara 9 da mai shekara 6, za mu shiga jirgin ruwa na yawon shaƙatawa daga Basalona, kwana 7, in Allah ya yarda. Mun biya kuɗin ɗaki tuntuni. Sai ga takarda an turo mana wai kullum za a ɗora dala 18.50 a kan kowane mutum, har da yaran, a matsayin tukuicin ma'aikata. Alhaji ya ce wannan ba tukuici ba ne, haraji ne, tunda ba a nemi yardarmu ba. Shawararsa ita ce da mun shiga mu je a cire, ranar sauka kuma mu bai wa wanda ya yi mana hidima da hannunmu. Ni dai raina bai kwanta ba. Me ya kamata mu yi, kuma nawa ake bayarwa? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Alhaji ya yi gaskiya a rabin maganarsa, kuma wannan rabin ne ya sa ba zan goyi bayan shawararsa ba. Kuɗin nan ba kyauta ba ce irin wadda mutum yake yi don ya ji daɗin aiki. Wani yanki ne na ladan ma'aikata da kamfani ya zare daga kuɗin tikiti ya ajiye gefe, don farashin da yake tallatawa ya fito da sauƙi a ido. Idan kuka je aka cire shi, kamfanin ba zai ji a jikinsa kamar yadda Alhaji yake zato ba. Waɗanda za su ji su ne mutanen da suka wanke zannuwan gadonku.

Lissafinku shi ne mutum 4 sau dala 18.50, wato dala 74 a rana, a kwana 7 ya kama dala 518. Na san idan aka juya shi zuwa naira sai gaban mutum ya faɗi, don haka ban ga laifin Alhaji da ya ɗaure fuska ba. Amma ba ku kaɗai aka yi wa haka ba. Wannan adadi shi ne wanda kamfanin jiragen ruwa na Royal Caribbean ya sa wa ɗakunan gama-gari daga Nuwamba 2024, manyan ɗakunan alfarma kuma dala 21. Carnival ta sa dala 16 da 18 a 2023, Norwegian kuma dala 20 da 25 a farkon 2023. Adadin yakan hau lokaci zuwa lokaci. Wasu kamfanonin suna yafe wa jariran da ba su kai shekara 2 ko 3 ba, amma yaro mai shekara 6 ana lissafa shi kamar babba a yawancin kamfanonin Amurka. Kuma idan kika tambayi mai gyaran ɗaki, zai ce miki ɗakin da ke da yara biyu ya fi na manya huɗu aiki.

A da ba haka ake yi ba. Daren ƙarshe ake ajiye wa fasinja ambulan-ambulan a ɗaki: ɗaya ta mai gyaran ɗaki, ɗaya ta mai kawo abinci, ɗaya ta mataimakinsa, ɗaya ta shugaban masu kula da tebura. Tsarin ya yi aiki ne saboda a lokacin kowa yana da teburinsa da lokacin cin abincinsa, mutum ɗaya ne yake yi masa hidima daga ranar farko har ta ƙarshe. Da Norwegian ta fito da tsarin ci inda kake so a lokacin da kake so a shekarar 2000, sauran kamfanoni suka bi sahu, sai ya zama yau wannan ne ya kawo maka abinci, gobe wani, jibi kuma ka ɗiba da kanka a babban zauren abinci. Wa za ka miƙa wa ambulan? Ga kuma fasinjojin da suka ƙware wajen ƙin zuwa cin abincin daren ƙarshe don kada su haɗa ido da kowa. Daga nan aka koma cajin kowa kullum a asusunsa na cikin jirgi, a tara, a raba.

Raunin shawarar Alhaji yana wajen rabon. Ki tuna gidan biki: 'yan matan da ke zagayawa da faranti su baƙi ke gani, su ake sa wa albarka, alhali matan da suka kwana a gindin murhu suna can bayan gida. Jirgin da ke ɗauke da fasinja dubu huɗu ko biyar yana da ma'aikata fiye da dubu ɗaya, manyan ma sun haura dubu biyu. A kwana 7 ba za ku san sunan fiye da biyar ko shida ba. Masu wanke-wanke a kicin, masu share tebura a zauren karin kumallo, mataimakan masu gyaran ɗaki da ke jan buhunan tawul, duk ba za su tsaya a gabanku ranar sauka ba. Kuɗin kullum ɗin nan shi ne hanyar da wani abu daga gare ku zai isa ga irinsu.

Su wane ne mutanen? Mafi yawansu 'yan Filifin ne da Indunusiya da Indiya, sai 'yan ƙasashen Karibiyan da Latin Amurka da gabashin Turai da Afirka ta Kudu. Kwantiraginsu yakan kai wata 6 zuwa 9, kuma a tsawon wannan lokaci babu ranar hutu guda cikakkiya, sai dai awannin hutu tsakanin aiki da aiki. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006, wadda Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta samar kuma ta fara aiki a Agusta 2013, ta ce dole ma'aikaci ya samu hutun awa 10 a cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako. Ki cire 77 daga awa 168 da ke cikin mako, saura 91. Ma'ana doka ba ta hana a yi aikin awa 13 a rana ba. Jiragen kuma galibi ba su da rajistar Amurka ko da daga Miyami suke tashi. Tutar Bahamas ko Panama ko Malta suke ɗagawa, saboda haka dokar mafi ƙarancin albashi ta Amurka ba ta hau kansu ba. Ma'aunin da hukumar ƙwadagon ta amince da shi na ƙaramin albashin ƙwararren ma'aikacin jirgin ruwa a 2025 dala 673 ne a wata. Ɗan Filifin kuma, bisa ƙa'idar kwantiragin ƙasarsa, kashi 80 cikin 100 na ainihin albashinsa gida ake turawa kai tsaye. Wanda ke gyara muku gado yana ciyar da gida guda a wani tsibiri da bai taka ba tun watanni.

Akwai abin da za a iya tuhumar kamfanonin da shi, kuma ni ma ina tuhumarsu. Ba sa bayyana wa fasinja dalla-dalla nawa ne ya shiga aljihun wa. Princess ma ta faɗa a fili cewa kuɗin da take karɓa ana tara shi ne daga dukkan jiragenta a raba a matsayin lada da garaɓasa, ba wai na ɗakinku ya tafi ga mai ɗakinku ba. A ganina abin da ya fi tsabta shi ne a zuba kuɗin cikin tikiti a biya mutane albashinsu. Wasu sun yi hakan: P&O ta Ingila ta daina cajin wannan kuɗi a 2019, kamfanonin alfarma irin su Seabourn da Silversea da Regent kuma tun asali yana cikin farashinsu. Wanda tsarin bai yi masa ba, nan ne wurin nuna fushinsa, lokacin zaɓen kamfani. Amma bayan an shiga jirgi an ci an sha an kwanta a gado mai tsabta, soke kuɗin ya yi kusa da hana ma'aikaci haƙƙinsa, kuma kin san hadisin da ya ce a bai wa ɗan ƙwadago ladansa tun guminsa bai bushe ba.

Yaushe ya halatta a rage? Idan hidima ta lalace da gaske, kuka kai ƙara ofishin kula da fasinjoji tun rana ta biyu ko ta uku, aka yi alkawari ba a gyara ba. Yawancin kamfanonin Amurka suna yarda a rage a wannan ofishin kafin a sauka. Amma kai ƙara da wuri ya fi amfani, domin kusan kullum a ranar ake gyara matsalar.

Shawarata ita ce ku biya dala 518 ɗin tun kafin ku tashi, ta hannun ejan ɗinku ko ta shafin kamfanin. Riba biyu ce. Idan aka ƙara farashi kafin ranar tafiya bai shafe ku ba. Sannan ba ya taruwa a kan katinku a tsakiyar teku, wanda ga mai katin bankin Najeriya ba ƙaramin abu ba ne, saboda iyakar da bankuna ke sa wa kashe kuɗi a waje. A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi, katin ɗaki ake miƙawa, kamfanin kuma yana riƙe wani adadi a katin banki a matsayin jingina. In ba ku amince da katin ba, ana iya ajiye tsabar kuɗi a asusun ɗaki ranar shiga.

Ku lura da rasit. Duk abin sha da aka saya, ko lemo ne ko kofi na musamman ko ruwan 'ya'yan itace, an riga an ɗora masa kashi 18 zuwa 20 cikin 100. Haka wurin gyaran gashi da tausa, haka gidajen abinci na musamman da ake biya daban. A ƙasan rasit za ki ga wani layi babu komai an bar shi don ƙarin tukuici. Mutane da yawa suna cike shi ba tare da sun san sun biya sau biyu ba. Ba dole ba ne.

Sai tukuici na gaskiya, wanda Alhaji yake son bayarwa da hannunsa. Wannan a kan na kullum ake ɗora shi, kuma babu mai tilasta muku. Mai gyaran ɗakin da ya jure wa yara biyu mako guda, dala 20 zuwa 40 abu ne da zai gode. Mai kawo abincin da ya riƙe cewa ba kwa cin alade, yake zuwa da jerin abincin gobe tun daren yau don ku zaɓi kifi ko abin da ya halatta, shi ma kamar haka, mataimakinsa kuma rabin wannan. Wanda ya kawo abinci ɗaki, dala 2 zuwa 5 a take. Masu kula da yara a wurin wasanninsu ba kasafai ake tunawa da su ba, in yaranku sun shaƙu da su ku tuna. Kyaftin da manyan jami'ai masu farar riga ba a ba su, albashinsu daban ne. Wasu fasinjojin suna bayar da rabi ranar farko. Ni ban cika son haka ba, yana kama da sayen fuska, amma ba laifi ba ne.

Ku nemi ƙananan takardu tun daga gida. 'Yan canji a Wapa ko Zone 4 takardar dala 100 suka fi juyawa, sai an nace ake samun ta 5 da ta 10. In ba a samu ba, ofishin fasinjoji na jirgin yana yin canji, can kuma ake karɓar ambulan. Tunda a Bahar Rum za ku yi yawo, yuro ma ya yi, don ma'aikatan suna sauka a tashoshin su kashe. Naira dai kada a bayar, ba inda za su canza ta.

Game da tsaraba, na san halinmu. Hajiya za ta so ta ɗauki kilishi ko dambun nama ko turare. Naman ki bar shi a gida, Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama daga ƙasashen waje, a filin jirgin sama za a karɓe. Sauran kaya kuma ki tuna ma'aikacin yana kwana ne a ɗan ƙaramin ɗaki da abokin zama, gado kan gado, ba shi da wurin ajiya. Cakulan ko dabino a rufe cikin kwalinsa ya wadatar, musamman da yake da yawa daga 'yan Indunusiyan Musulmi ne. Idan za ki bar wa mai ɗaki wani abu, ki haɗa da 'yar takarda mai sunansa da lambar ɗakinku da sa hannu, in ba haka ba ƙa'ida ta tilasta masa ya miƙa shi a matsayin kayan da aka manta. Kada kuma a gayyace shi ɗaki ya zauna a ci abinci tare, ko a matsa masa da neman lambar waya. A wurinmu karamci ne, a wurinsa abin da zai iya jawo masa kora ne.

Abin da ma'aikatan da kansu suke roƙo, wani lokacin ma fiye da kuɗi, shi ne a ambaci sunansu. Bayan kun sauka kamfanin zai turo takardar jin ra'ayi ta imel, kuma tana rufewa cikin 'yan kwanaki. Shugabanni suna karanta ta, kuma tana shiga lissafi wajen ƙarin girma da rabon wuraren aiki masu kyau da sabunta kwantiragi. Kowane ma'aikaci yana da baji a ƙirji mai sunansa da ƙasarsa. Ki rubuta sunayen a waya tun kuna ciki, da wurin da kowa yake aiki, don mai suna ɗaya zai iya kai biyar a jirgi. Wajen cikewa kada ki tsaya a "sun kyauta". Ki faɗi abin da ya yi: wane ne ya samo muku alƙibla, wace ce ta rarrashi ƙaramin yaronku da jiri ya kama shi. Kuma in abinci ne bai yi muku daɗi ba, ki rubuta shi a gurbin abinci, kada ki rage wa mai kawowa maki, ba shi ya dafa ba.

Rukuni biyu ne kuɗin kullum bai shafe su ba sam, domin ba ma'aikatan jirgin ba ne: masu ɗaukar kaya a tasha, da jagora da direban da za su zagaya da ku gari idan jirgi ya tsaya. Mai kaya yuro 1 ko 2 a kan kowace jaka, jagora kuma yuro 5 a kan kowane babba idan ya yi ƙoƙari. Daren ƙarshe ku buɗe lissafin asusunku a talabijin ɗin ɗaki ko a manhajar kamfanin, ku tabbata ba a sake cajin abin da kuka riga kuka biya daga gida ba, don gyara ya fi sauƙi kafin a sauka.