Gilashin nan mai kala-kala na tagogin coci, fenti ne ko me?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Na je bikin wata abokiyar aikina a wani coci a Sabon Gari, da rana ta bugi taga sai ga ja da shuɗi sun zubo a kan fararen kayan amarya, wallahi har na manta da abin da ya kai ni. Fenti ne ake shafawa? Kuma daga ina abin ya samo asali? Maman Ummi, Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikis salam Maman Ummi. Na asali ba fenti ba ne, kalar a cikin gilashin take. Yashi da toka ake narkarwa a wuta, sai a zuba ɗan garin ƙarfe tun abin yana ruwa-ruwa, kobal ya ba da shuɗi, tagulla ta ba da ja ko kore, in ya huce a yayyanka gunduwa-gunduwa a harhaɗa da siraran sandunan darma, to baƙaƙen layukan nan da kika gani su ne darmar. Ƙananan abubuwa irin su fuska da ninkin riga ake zanawa da baƙin fenti, shi ma sai an sake gasa shi ya kama.

A Turai abin ya bunƙasa. Akwai tagogi masu hoton annabawa a babban cocin Augsburg a Jamus da suka kai shekara 900 suna nan daram. Wajen 1140 wani shugaban limamai, Suger, ya sake gina cocin Saint-Denis kusa da Paris da manyan tagogi, daga nan kowa ya ɗauka. Lokacin yawancin jama'a ba su iya karatu ba, to a taga suke ganin labaran Baibul. Na babban cocin Chartres a Faransa kuwa, da Yaƙin Duniya na Biyu ya taso a 1939 sai da aka ciccire su aka ɓoye, kin ga darajarsu ke nan.

Kada ki ce na coci ne kaɗai fa, masallacin Nasir al-Mulk a Shiraz na Iran ya shahara da irinsa, sai dai zane ne na furanni da kusurwoyi, ba mutane.

Amma gaskiya, da yawa da ake sawa yanzu a gidaje sitika ce ake liƙawa a kan farin gilashi, zafin ranar Zariya a hankali sai ya cinye ta. In kin koma, ki shafa hannu: in kin ji tudun darma tsakanin gunduwoyin, mai yiwuwa na gaske ne.