Hukuncin Namiji Ya Yi Aikin Jinya a Asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na samu gurbin karatu a makarantar koyon aikin jinya, amma kawuna ya ce aikin nas na mata ne, kuma zai kai ni ga ganin al'aurar matan mutane. Shin ya halatta in shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, aikin jinya halal ne ga namiji, kuma malamai sun lissafa ilimin magani cikin farillan kifaya, waɗanda idan al'umma duka ta bar su kowa ya yi laifi. Babu nassin da ya keɓe shi ga mata. Gaskiya ne Rufaida Al'aslamiyya ce ta yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu a hemarta bayan yaƙin Khandaƙ a shekara ta 5 bayan Hijira, amma wannan hujja ce ta halaccin aikin ga mace, ba ta hani ga namiji ba.

Ina roƙon kawunka ya dubi ɗakin maza a asibiti, inda dattijo yake kwance, ana bukatar a sa masa robar fitsari ko a wanke masa rauni a cinya. Idan 'ya'yanmu maza suka guje wa wannan aiki, mace ce za ta buɗe al'aurarsa, kuma da yawa daga cikin iyayenmu suna ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu saboda wannan kunyar. Kasancewarka a wurin sutura ce gare shi.

Damuwar kawunka game da mata kuwa tana da asali. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Burunai a 1993, ta zartar da cewa mace ce take da fifiko wajen duba mace, kuma ba a komawa ga namiji amintacce sai an rasa ƙwararriya. Don haka ka nemi a ajiye ka ɓangaren maza. Idan lalura ta kai ka ga majinyaciya, kada ka keɓe da ita, sai da mijinta ko muharraminta ko wata amintacciyar mace, kuma kada ka buɗe ko ka taɓa sai gurbin da magani yake bukata, domin ana kimanta lalura gwargwadonta. A halin gaggawa, kamar haɗarin mota ko zubar jini, ka cece ta ba tare da jiran kowa ba. Sirrin da ka gani amana ce. Allah ne Mafi sani.