Mace za ta iya rayuwa da sana'ar DJ ta kiɗan house?

'Yar'uwa, kin tambaya ko mace za ta iya cin abinci da aikin DJ na kiɗan house, wato wani kiɗan rawa da ake haɗawa da na'ura, a kulob. Ƙwarai kuwa. Ga Honey Dijon, 'yar Chikago, garin da aka haifi kiɗan a farkon shekarun 1980, ga kuma Peggy Gou daga Koriya ta Kudu da ta yi suna a Berlin.

Abin da zai fi cin lokacinki shi ne haɗa bugun waƙa biyu. House yana tafiya da bugu wajen 120 zuwa 130 a minti, to ki sa abin sauraro a kunne ɗaya, ki riƙa tura waƙar da ke tafe har gangunanta su hau kan na wadda ke fita. Ki koya da kunnenki tukuna kafin ki saba da maɓallin da ke daidaita miki.

Ki naɗi awa guda na haɗin waƙoƙinki ki ɗora a SoundCloud, shafin intanet da ake ɗora kiɗa. Da farko buɗe fili za a ba ki, mutane ba su taru ba, ki bi a hankali. Maganar kuɗi da motar da za ta mayar da ke gida da asuba, a rubuce kafin ranar. Kuma don Allah ki sayi abin toshe kunne, kada ƙarar kulob ta lalata miki ji.